Wasiƙa daga Marsey: Rufin da Ba Na Mutum Ɗaya Ba

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi da Kano, da duk inda wannan takarda ta iske ku, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan iyali duk lafiya.

Shekara biyu ke nan da maƙwabtana suka zaɓe ni cikin kwamitin masu gida na benen da muke zaune a nan Marsey, kudancin Faransa, kuma tun daga ranar gidan mahaifinmu na Birni bai bar raina ba.

A nan mutum kan sayi sashe guda a cikin bene, ɗaki uku ko huɗu, ya zama nasa halak malak. Amma rufi da matakala da harsashi da manyan bututun ruwa na kowa da kowa ne. Dokar 10 ga Yuli 1965 ce ta tsara wannan zama. Ana kasa ginin, galibi kashi dubu, kowa ya san rabonsa gwargwadon girman sashensa, da wannan rabo ake auna ƙuri'arsa, da shi kuma ake yanka masa kuɗin gyara da shara da inshora, a biya duk wata uku. Akwai wakilin da ake ɗauka ya riƙe kuɗin ya kuma kira masu gyara, sandik suke ce masa. Mu 'yan kwamiti aikinmu mu sa masa ido. Ba a biyanmu ko sisi, kuma wa'adinmu ba ya wuce shekara uku sai an sake zaɓe. Yawancin aikin duba rasit ne da dare bayan an taso daga neman abinci, da hawa sama tare da mai gyaran rufi a cikin iskar nan tasu mai sanyi.

Abin da ya girgiza ni ya faru a babban taronmu na farko. Wata dattijuwa da mijinta ya rasu tana zaune a hawa na ƙarshe, ruwa na zuba mata a ɗakin kwana har ta jera bokitai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka kawo takardun farashi daga masu gyara uku, aka kaɗa ƙuri'a, aka ƙi. Na ƙasa suka ce su ba su ga ruwa ba. Waɗanda suka zuba 'yan haya suka koma wani gari kuwa ba su zo ba, takardar wakilci suka aiko da "a'a" a kanta. Tsohuwar nan ba ta ce uffan ba, ta ɗauki jakarta ta fita. Na kwana da baƙin ciki, domin kowa a garin nan ya san abin da ya faru a titin Aubagne ranar 5 ga Nuwamba 2018, lokacin da benaye biyu, mai lamba 63 da mai lamba 65, suka rufta da safe, mutum takwas suka rasu. Mai lamba 65 irin namu ne, na masu gida da yawa, kuma mazaunansa sun daɗe suna kukan tsagewar bango kafin ranar. Daga baya sai da aka kwashe dubban mutane daga gidajen da aka ga suna da haɗari.

Da fushina ya huce sai na bi ƙofa ƙofa. A nan na gane ba duk wanda ya ce a'a ne mugu ba. Wani tsoho ɗan fansho ya buɗe mini littafin bankinsa, wallahi ba shi da abin biya a lokaci ɗaya, kunya ce ta hana shi faɗa a gaban jama'a. Muka koma muka raba kuɗin kashi kashi, muka haɗa da asusun gyara da dokar 2014 ta wajabta, wanda ake zuba aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kasafin shekara a ciki. Ina son wannan asusu ƙwarai, don ko ka sayar da sashenka ba a mayar maka da abin da ka zuba, na ginin ne. Da takardar gayyata ta fita, wadda doka ta ce ta isa hannun kowa kwana 21 kafin taro, mun riga mun zauna da kowa. A karo na biyu gyaran ya wuce.

To 'yan uwa, ai mu ma muna da irin wannan gida, gidan gado muke ce masa. Uba ya rasu, an yi addu'ar arba'in, ba a raba ba don kada a ce zumunci ya lalace, kuma ba a naɗa wanda zai kula ba. Na cikin gida yana cewa na waje ke da kuɗi, na waje yana cewa ai wanda ke kwana a ciki shi ya kamata ya gyara. Damina ta zo ba a yi yaɓe ba, indararo ya toshe, gara ta ci azara, sai a ji soro ya faɗi. Ni kaina na yi shekaru ina cikin masu aiko da gaisuwa kawai, alhali Inna ce ke kwana a ƙarƙashin wannan rufi, kuma abin yana damuna. Addininmu ya riga ya fayyace rabon kowane magaji tun kafin Faransawa su rubuta tasu dokar. Abin da muka rasa shi ne mu rubuta rabon a takarda, mu ce kowa ya kawo kuɗin gyara daidai da nasa, a sa mutum biyu su riƙe littafi, ɗaya daga cikinsu mace, don 'yan uwanmu mata suna da haƙƙi a gidan kuma ba a cika tambayarsu ba.

Yaya, na san za a karanta maka wannan. Na aiko da nawa kason ta hannun ƙanenmu. Don Allah ka tara mu kashegarin Sallah, mu na nesa za mu shigo ta waya, a kira magini ya hau ya duba ɗakin Inna kafin ruwan farko ya sauka.

Naku,
ɗan uwanku a Marsey.