Sunan da na yi suna da shi ba nawa ba ne

Da na rabu da kamfanin da ya fito da ni a Kano, sai ga takarda daga lauyansu: kada in sake fitar da waƙa ko in buga fosta da sunan da masoya suka san ni da shi. Ashe tuni sun kai sunan ofishin rajistar tambarin kasuwanci a Abuja, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, sun yi masa rajista a rukuni na 41, na harkokin nishaɗi. Ni kuwa takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, nake ta ɗagawa. Lauyata ta karɓa ta duba, ta ce, "Malam, wannan rajistar sunan kasuwanci ce, tambari daban yake." Rajistar tambari shekara 7 take yi a karon farko, a sabunta ta kuma ta yi 14, don haka zaman jira bai taso ba.

Sauya suna bai dame ni ba sosai. Ko mawaƙi Kiss Daniel ya koma Kizz Daniel a 2018 bayan rikicinsa da kamfanin G-Worldwide. Damuwata ita ce yadda mai biki a Zariya zai gane cewa ni ne dai.

Nan lauyata ta bambance mini abu biyu. Faɗin gaskiya cewa a da ana kirana kaza, wannan tarihina ne. Amma in ɗauki tsohon sunan in yi talla da shi har mutane su zaci kamfanin ne ya shirya wasan, wannan shiga gonar wani ce. Sai da ta bi kwantiragina layi-layi ma tukuna, domin wasu kamfanonin kan hana ko ambaton sunan. Nawa bai hana ba, alhamdulillahi.

Haka muka je wajen mai buga fosta. Sabon suna da manyan haruffa a sama, can ƙasa da ƙanana "wanda a da aka sani da", ba launin kamfanin, ba salon rubutunsu. Yaron shagon ya so ya ƙara wa tsohon sunan girma, wai shi ne ke sayarwa. Gaskiyarsa, amma na hana.

Tsofaffin waƙoƙin suna nan a YouTube da tsohon suna, kuɗinsu na shiga wajen kamfanin. Sabon sunan kuwa da sunana na yanka aka shigar da takardun rajistarsa, tun kafin in shiga sutudiyo.