Wasiƙa daga Ingila: Yaran da ke zuwa mana da "sanyi"

Assalamu alaikum. Zuwa ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya na gida, likitoci da nas-nas da unguwarzoma, har da malaman asibitin ƙauye da masu kemis. Ina gaishe ku daga arewacin Ingila, inda nake aikin jinya a sashen yara.

Maganar tana da nauyi a baki, amma dole a yi ta: lalata da ƙananan yara. Kada ku ɗauka zan ce mutanen nan sun fi mu tsarki. Jimmy Savile, fitaccen mai gabatar da shirye-shirye a BBC, ya daɗe yana lalata da marasa lafiya, har da yara, a cikin asibitocin Leeds da Stoke Mandeville. Yana tara musu kuɗin tallafi, wa zai tunkare shi? Sai da ya mutu a 2011 asiri ya tonu. A garin Rotherham na Ingila kuma, wani rahoton bincike na 2014 ya ce aƙalla yara 1,400 aka lalata daga 1997 zuwa 2013, hukumomi na ji suna kau da kai. Wuya ce ta koya musu. Yau asibitocin gwamnati suna da nas da likita na musamman masu alhakin kare yara, kuma ƙa'ida ce a sami ma'aikaci na biyu a ɗaki idan za a duba al'aurar yaro.

A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna an taɓa cin zarafin yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma ta wannan hanya kafin su kai shekara 18. Da yawansu sun bi ta hannunmu da wani ƙorafin daban. 'Yar shekara bakwai ruwa na fita a gabanta, uwa ta ce, "Sanyi ne, Sista, a ba ta allura." Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Almajirin da ya kasa zama daidai a benci. Babu ɗaya a ciki da ke tabbatar da fyaɗe, amma kowanne ya isa a ja labule a yi tambaya, ba a gaban wanda ya kawo yaron ba, domin galibi mai aikatawa ba baƙo ba ne.

A tambaya ake ɓata abin. "Me ya kai ki ɗakinsa?" ya isa ya kulle bakin yarinya har ta girma. Kada kuma ku sa mata sunan wanda kuke zargi a baki. Ku ce, "Ba ni labarin abin da ya faru." In ta faɗa, ta ji daga bakinku cewa kun yarda da ita, kuma ba laifinta ba ne. Ku rubuta kalamanta yadda ta furta su, da rana da lokaci.

Sai gaggawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta ce a fara maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana 5 ga wadda ta fara girma. Ga maganin ciwon sanyi da rigakafin ciwon hanta. Kada a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Lokaci ba ya jiran takarda.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rahoton "ba a ga komai ba". Mafi yawan yaran da aka ci zarafinsu ba a ganin rauni a jikinsu, musamman in an kwana biyu, don wurin na saurin warkewa. Amma takardar nan ake kaiwa gaban mai unguwa a wanke mutum, a mai da yarinya maƙaryaciya. Ku rubuta ƙarara cewa rashin rauni bai kore faruwar abin ba. Gwajin budurci kuwa, tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba shi da tushe a kimiyya, a daina.

Na san dangi za su zo da "a rufa asiri, a bar wa Allah". Sirrin yarinya ku rufe shi da kyau, kada ya fita bakin ƙofar asibiti ya zaga unguwa. Na wanda ya aikata kuwa, rufe shi ba shi damar komawa ne. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: Waraka a Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Ku nemi lambarsu ku liƙa a bango. Kafin sallama, ku tambayi inda za ta kwana yau, da ko mutumin yana gidan. In yana nan, a nemo mata wani wurin tukuna.

Ku huta lafiya.
'Yar'uwarku a bakin aiki.