Rasit ɗin Yaya

Da hantsi Yaya ya turo min hoton rasit, ko sallama babu, sai "Ke Auta, duba min nan, mutanen nan sun yashe ni." Motar da ya ɗauka haya a tafiyarsu ce. Farashin da ya gani a intanet daban, abin da aka zare masa a kati daban. Da dariya na fara dubawa, don Yaya ba ya dawowa daga tafiya bai ce an cuce shi ba.

Kwanakin na fara bi. Ya karɓi mota ƙarfe 10 na safiyar Alhamis, ya mayar ƙarfe 1 na ranar Lahadi, shi a lissafinsa kwana uku. Su kuwa ba da kalanda suke aiki ba, awa 24 suke ƙirgawa daga lokacin da aka miƙa maka makulli, kuma uzurin da suke yi yawanci bai wuce rabin awa ba. Awa ukun nan suka zama kwana na huɗu, kuma duk abin da ake biya kullum, inshora da kujerar yaro, ya bi sahu. Da ya jinkirta karɓa zuwa ƙarfe 1, shi ke nan. Wanda zai yi kwana biyar ko shida kuma ya gwada farashin mako, sau da yawa ya fi sauƙi.

Sai mai. Ya yarda ya biya kuɗin tanki guda tun a kantar kamfanin, wai don kada ya sha wahalar neman gidan mai, ya kuma mayar musu da mota da fiye da rabin tanki. Ba a mayar da ko kwabo a kan wannan. Tsarin da ya fi shi ne ka karɓa a cike ka mayar a cike, ka sha mai 'yan kilomitoci kafin filin jirgi, ka riƙe rasit, ka ɗauki hoton allurar mai. In ka kawo ta da giɓi, farashin litarsu ba na gidan mai ba ne, ga ladan zubawa a kai.

A kan inshora muka daɗe. Na kira shi.

"Yaya, sau biyu fa ka biya."

"Kamar yaya sau biyu?"

"Ka saya a shafin da ka kama motar, ka sake saye a kantar kamfanin."

"Ai yarinyar ce ta ce min waccan ba tasu ba ce, ba ruwansu da ita."

Gaskiya ta faɗa masa, amma rabi. A ƙasashe da yawa, musamman Turai, farashin haya yana zuwa da wata kariya a ciki: in mota ta lalace ba dukan kuɗin gyara za ka biya ba, akwai iyakar da aka yanka maka. Sai dai iyakar tana da nauyi, kuma ita ce ake riƙewa a katinka har ka dawo da mota. Wadda ake saye a shafukan dillalai ba ta hana kamfani riƙe wannan kuɗi ba, ba ta kuma hana su cire na gyara. Aikinta shi ne ta biya ka daga baya, in ka tura takardar haya da hoton ɓarna da rasit ɗin gyara. Ta kantar kamfani ita ce ke sauke iyakar, wani lokaci har ƙasa, shi ya sa take da tsada, har takan kamo kuɗin motar kanta a rana. Ɗaya ta isa. Wace ce, ya danganta da ko katinka zai ɗauki abin da za a riƙe.

A nan aka kama Yaya. Katin cire kuɗi ya miƙa, ba na bashi ba. Wasu kamfanonin ba sa karɓarsa sam, wasu sai ka sayi cikakkiyar kariyarsu. Mutum ya sauko daga jirgi a gajiye, yara na kuka, layi a bayansa, me zai yi in ba sa hannu ba? Duk wannan yana rubuce a sharuɗɗa tun kafin a biya: irin katin, adadin da za a riƙe, da cewa sunan da ke kan kati dole ya zama na direba. Wasu katunan bashi ma suna da tasu kariyar kyauta, da sharaɗin ka biya dukan hayar da su kuma ka ƙi ta kamfani, amma suna da iyakar kwanaki kuma akwai ƙasashen da suka cire, sai an tambayi banki.

Har nan ina tsokanarsa. Sai ya ce, cikin alfahari, ai ko ba komai ya tsira da kuɗin direba na biyu, don Anti ta tuƙa rabin hanya kuma bai rubuta ta ba.

Dariyar ta tsaya min. Direban da ba ya cikin takarda, in ya yi ko ɗan karo ne, kariyar nan da aka biya sau biyu ta tashi a banza. Gyara, kuɗin jan mota, har kwanakin da za ta yi a gareji ba ta aiki, duk a wuyan wanda ya sa hannu. Kuma da yara a baya. Na faɗa masa haka, muryata ta ɗan ɗaga, abin da ban saba yi masa ba. Ya yi shiru, can ya ce "To ai Allah ya tsare." Ya tsare ɗin. Amma abin bai bar ni ba har yamma.

Ko cikakkiyar kariyar ma a karanta. Taya, gilashi, ƙasan mota, rufi, ɓatan makulli, zuba fetur a motar dizal, sau da yawa ba sa ciki.

Sauran layukan ƙanana ne. Harajin filin jirgi, wanda yakan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. Reshen cikin gari ya fi araha in ka haɗa da kuɗin tasi ya fita, kuma in ba su rufe ba lokacin da za ka mayar. Na'urar nuna hanya, alhali taswira na cikin wayarsa. Na'urar tolget da ake caja kullum ko an bi ta titin kuɗi ko ba a bi ba. Sannan injin kati ya tambaye shi ko a cire da kuɗin ƙasarsa, ya ce e, canjin nasu kuwa ya fi na banki tsada. Kuɗin ƙasar da kake ciki ake zaɓa.

Abu ɗaya ya yi daidai, shi ma Anti ce: ta zagaye motar da bidiyo kafin su tashi, bamba, ƙafafu, gilashi, mitar kilomita, ta sa aka rubuta wani kwarzane a takarda. Babu layin gyara a rasit ɗin.

Da la'asar ya sake kira, wai me za a iya ƙwatowa. Kusan babu, komai da sa hannunsa. Na ce ya dai riƙa duba asusunsa, kuɗin da aka riƙe a katin cire kuɗi yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya dawo, kuma in kyamara ta kama shi da gudu tarar za ta biyo baya da ladan kamfani a kanta. Ya ce shi bai yi gudu ba. Na ji Anti daga nesa tana cewa wani abu, ya kashe wayar.

Aikin ofis ko rabi ban yi ba. Ciwon kai tun azahar.