Marubucin da ya ba kansa ƙaramin gurbi

A shekarata ta huɗu a harkar fim a Kano na yanke shawarar rubuta nawa labarin. Na gaji da fitowa a abokin ango, ko yaron Alhaji da zai shigo ya ce ana sallama ya juya. Duk wanda ya taɓa zama a lokeshan tun hantsi har bayan la'asar yana jiran a kira shi ya faɗi kalma biyar ya san irin gajiyar da nake nufi. Na ce tunda ba a ba ni ba, bari in ba kaina. Wata uku na yi ina rubutu, na fito da labari mai fitowa 62, ina cikin 51.

Allah ya haɗa ni da wanda ya yarda ya zuba kuɗinsa, muka ɗauka cikin kwana tara. Ranar da aka fara haɗa aikin na tafi wajen editan, mutumin da ya daɗe a sana'ar tun zamanin kaset. Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya, janareta na ruri a waje. Ya kunna wurin da nake zayyana wa matata ta cikin fim baƙin cikin da ke raina, magana ta kusan minti huɗu ba tsayawa. Ya bari ta ƙare, ya mayar baya, ya kashe sauti, muka sake kallo shiru. Sai ya ɗora yatsa a kan fuskar yarinyar da ta fito a matar tawa. Tana tsaye da faranti a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi, domin ban rubuta mata komai ba.

"Ƙanena," in ji shi, "ita wannan baiwar Allah me take so a labarin nan?"

Na ce, "Yaya, ai matata ce."

"Na san matarka ce. Me take so?"

Na rasa amsa. Fim ɗin ya fita bai yi kasuwa ba, mai kuɗin bai mayar da uwar kuɗinsa ba, kuma har yau wannan na damuna, don amana ya ba ni. Bayan 'yan makonni editan ya tura min wani fim a waya, ya ce wanda ya rubuta shi shi ya ba da umarni, kuma yana ciki. Ya ce in kalla in gano wane ne, in lura da yawan fitowarsa.

Fim ɗin shi ne The Gift na 2015, mutumin kuma Joel Edgerton ne, ɗan ƙasar Ostareliya. Labarin wasu ma'aurata ne, Simon da Robyn, da suka taso daga Shikago suka tare a Los Angeles. A wani kanti suka gamu da Gordo, wanda suka yi makarantar sakandare tare da mijin. Daga nan Gordo ya fara ajiye musu kyauta a ƙofar gida, har da kifaye da ya zuba musu a ɗan tafkin tsakar gidan, yana kuma zuwa lokacin da matar ke gida ita kaɗai. Da farko na ɗauka marubucin shi ne mijin, tunda shi ke da gida da mota da babban aiki, shi kamara ke bi. Ashe Jason Bateman ne wannan, matar kuma Rebecca Hall. Edgerton shi ne Gordo, mai ɗan gemu da ɗankunne, mai magana a ɗarare kamar wanda ke tsoron a kore shi. Akwai tsawon lokaci a tsakiyar fim ɗin da ba a ganinsa sam, amma ba a daina jin nauyinsa a gidan ba. A hankali matar ta gano cewa mijinta ne ya yi wa Gordo mummunan ƙazafi tun suna yara, ƙazafin da ya sa mahaifin yaron ya nemi hallaka shi. Wato mutumin da ke riƙe da alƙalami ya miƙa wa wani ɗan wasa babban gurbi, ya miƙa wa mace idon da mai kallo ke gani da shi, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa. An yi fim ɗin da kimanin dala miliyan 5, ya kawo sama da miliyan 50.

Wani wuri na maimaita ya fi sau goma. Simon ya goge sunan Gordo a ɗan allon da ke jikin firij ya rubuta sunan tsokanar da ake kiransa da shi a makaranta. Daga baya Gordo ya shigo kicin idonsa ya faɗa kan rubutun. Ba a ba shi doguwar magana ba, fuskarsa kawai aka bari ta yi aikin. Da ni na rubuta wurin a wancan lokacin, da na ba kaina shafi biyu na kuka da tuhuma.

Daga nan na shiga bin tarihin aikinsa, na ga ashe ɗabi'arsa ce. An haife shi a 1974 a Blacktown, yammacin birnin Sidni, ya yi karatun wasan kwaikwayo a jami'ar da ke wannan yankin. Duniya ta fara ganin fuskarsa a Star Wars na 2002, inda ya fito a Owen Lars na 'yan mintoci kaɗan. Ya san zaman jira ke nan, irin wanda na sani. Amma da ya fara rubutu bai mai da shi hanyar ramuwa ba. A The Square na 2008, wanda ya rubuta tare da Matthew Dabner, yayansa Nash Edgerton ya ba da umarni, David Roberts ne jarumin, shi kuwa ya fito a ɗan dabar da aka yi haya ya cinna wa gida wuta. The Rover na 2014 shi da mai ba da umarnin fim ɗin, David Michôd, suka ƙirƙiro labarin, kuma ko fitowa bai yi ba, Guy Pearce da Robert Pattinson aka ba. A The King na 2019 su biyun dai suka sake rubutawa, sarautar ta tafi ga matashi Timothée Chalamet, shi ya ɗauki Falstaff, tsohon mayaƙi mai tumbi da ke gefen sarki.

Ba wai bai taɓa rubuta wa kansa babban gurbi ba. A Felony na 2013 shi ne kan gaba. Sai dai dubi irin mutumin da ya zaɓa: ɗan sanda da ya sha giya ya ja mota ya buge yaro a kan keke, sannan ya ɓoye gaskiya. Ko da ya ɗauki kaso mai tsoka, mai ɗaci ya ɗauka. Manyan guraben da suka ɗaga sunansa, irin Warrior na 2011 tare da Tom Hardy, da Loving na 2016 da ya sa aka saka shi cikin 'yan takarar kyautar Golden Globe, wasu ne suka rubuta suka kira shi.

A gidanmu muna yara, in aka ba mu nama mu raba, mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe, don kada son zuciya ya karkatar masa da hannu. Na san wannan tun ina ɗan shekara bakwai, amma da na riƙe alƙalami na manta. Marubucin da zai fito a fim ɗinsa mai rabo ne, kuma kowa a lokeshan yana ganin inda hannunsa ya karkata, ko da kunya ta hana su faɗa.

Abu na biyu da ya tsaya min shi ne mutanen da ke kewaye da shi. Tun tsakiyar shekarun 1990 shi da Nash, wanda asalin sana'arsa shiga wuraren haɗari ne a madadin 'yan wasa, da abokansu irin su Kieran Darcy-Smith, suke aiki a ƙungiyar da suka kira Blue-Tongue Films. Da gajerun finafinai suka fara. Yau wannan ya ba da umarni wancan ya fito, gobe a juya. Animal Kingdom na 2010, dogon fim ɗin Michôd na farko, daga cikin wannan zumuncin ya fito, kuma gurbin da Edgerton ya samu a ciki ana kashe shi tun labarin bai yi nisa ba. Shi kansa bai ba da umarnin dogon fim ba sai da ya kai shekara arba'in. Ni kuwa na ɓoye rubutuna wata uku ban nuna wa kowa ba, wai kada a sace min. Da mutum ɗaya ya karanta kafin a kunna kamara, da tambayar editan ta zo min tun kuɗin mutane na aljihunsu.

Ba na cewa halinmu ɗaya da nasu. Suna wasa da Turanci, don haka ƙofar Amurka a buɗe take gare su, kuma gwamnatin ƙasarsu tana da hukumar da ke tallafa wa finafinai da kuɗi. Mu a nan sau da yawa mai kuɗi fuskar da za ta sayar yake tambaya kafin ya tambayi labari, kuma ɗan wasan da ya ja baya yana iya jan baya har a manta da shi. Wannan tsoron gaskiya ne, ina jin sa har yanzu. Amma na ga inda tsoron ya kai ni.

Labarina na biyu ya ɗauke ni wata bakwai. Na tara mutum huɗu a shagon wani abokina bayan sallar isha'i, kowa da kwafinsa, muka karanta da baki tun daga farko har ƙarshe. Duk inda wani ya yi shiru ya daɗe ba shi da abin faɗa ko abin yi, sai in sa alama da jan biro. Na kira yarinyar nan da ta riƙe faranti, na ba ta haƙuri, na ce mata wannan karon labarin nata ne: bazawara da ke neman a ba ta gadon 'ya'yanta daga hannun ƙanen mijinta. Ni na fito a ƙanen mijin, sau tara kacal. A fitowa ta ƙarshe tana ƙirga kuɗin a gabana, ni ina zaune a kan tabarma ban ce uffan ba.

Da muka kai wa editan, ya kashe sauti kamar yadda ya saba, ya kalli wurin har ƙarshe. Ya ce in miƙo masa shayinsa, sannan ya wuce fitowa ta gaba bai mayar baya ba.