Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bangon da Ya Tsage

Makon jiya na yi alkawarin ba ku labarin komawarmu Badawa. Ku gafarce ni, wata magana ta hana ni barci, sai na amayar da ita tukuna.

Tun Baba yana gadi a asibitin ido na mishan yake cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu yara mun ɗauka zancen gini yake yi.

Bayan harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, da wanda aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero ƙarshen Afrilu, majami'un Sabon Gari suka sake kama. Mu ma muka jera ganguna cike da kankare a bakin titi, muka sayi na'urar laluben jiki, 'yan Birged, wato ƙungiyar samarin majami'a masu kaki, na tsaye a ƙofa tun ƙarfe shida, aka hana mata shiga da jaka. Ni ne sakataren dattawa a lokacin, da hannuna na rubuta kuɗin. Baƙo duk sai an lalube shi gaba da baya. Amma wan maman yara, wa zai tare shi? Ɗan gida ne, baikon da yake bayarwa a majami'a mai kauri, kujerarsa a gaba.

Da addu'ar dare ya fara, a gidansa, ranar Laraba, daidai lokacin da muke tamu ta tsakiyar mako. Mutane a firgice suke a shekarun nan, duk wanda ya ce "an nuna mini" sai a bi shi. Daga nan ya shiga kama suna. Goggo, gwauruwar nan da ta fi shekara ashirin tana share majami'a ba ta karɓi ko kwabo ba, ita ya ce ta kama kurwar wani jariri da zazzaɓi ya kwantar.

Da idona na gani. Ranar Lahadi ta zauna a bencin zumuntar mata, ta gefenta ta tattare zaninta, ta saɓi ɗanta ta koma baya. Ɗaya bayan ɗaya suka zare, har bencin ya rage ita kaɗai. Goggo ba ta iya karatu ba, amma ta buɗe Littafin Waƙoƙi ta kafa masa ido har aka tashi, hannunta na rawa. Wannan fa ita ce matar da a Oktoban 1991, lokacin rikicin zuwan Bonnke, mai wa'azin nan ɗan Jamus, muna tsugune a bariki, ta tuƙa tuwo a tukunyar aro ta ciyar da mu, har da shi mai cewa mayya ce. Yana saurayi a lokacin, ya lashe kwano.

Wata goma sha ɗaya na yi ban ce uffan ba. Kunyar suruki. Faston wancan lokaci shi ma ya kau da kai, don ana tara kuɗin rufi kuma mutumin ya yi alkawarin kwano. Masu cewa har gobe hassada ce ta sa muka kore shi, ku ji da kyau: laifina ba tsawatawar ba ne, jinkirin ne. Tsagar da Baba yake faɗa, bakina ne da ya ƙi buɗewa.

Da na tashi, tsarin Matiyu sura 18 na bi, ban tsallake ko ɗaya ba. Na same shi shi kaɗai a shagonsa cikin kasuwar Sabon Gari. Na ce, "Yaya, maganar Goggo ce ta kawo ni. Ka je ka ba ta haƙuri, ka wanke ta a gaban waɗanda ka faɗa wa." Bai ko ɗago daga lissafinsa ba. "Kai ma ta lashe ka ke nan," in ji shi. Na koma da dattawa biyu, ya bar mu a tsaye a zaure. Sai aka kai gaban ikilisiya. Wasiƙar Titus ta ce mai raba kan jama'a a gargaɗe shi sau ɗaya, sau biyu, sannan a rabu da shi. Mu sau huɗu muka yi.

Ni aka ba takardar na karanta: horon wata shida, ba jibin Ubangiji, ba riƙe wani aiki, zama a bencin baya, addu'ar gidansa kuma an rufe ta. Ƙofa a buɗe take in ya tuba, haka muka rubuta, haka kuma muke nufi. Ban kai ƙarshe ba ya miƙe, ya kaɗe babbar rigarsa ya fita, gida bakwai suka bi shi.

Maman yara ta yi kwana arba'in tana ajiye mini tuwo ba ko sannu. Ban ga laifinta ba, jini ne.

An wanke Goggo a bainar jama'a, matan zumunta suka durƙusa suna kuka, ta ce ta yafe. Amma ba ta sake zama a bencin nan ba. Damina na faɗuwa ta koma ƙauye wajen Rano, can ta rasu. Tsintsiyarta ta daɗe a bayan ƙofar ofishin dattawa, na hana kowa taɓawa.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, Badawa.