Rabin wuni a tsibirin Gore da abin da ya canja min a kalas

Ni malamin lakwal ne a nan Damagaram, shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da istwar-jeyo, tarihi da labarin ƙasa. Sunan Gore kuwa, tsibirin nan na Senegal da ya shahara a tarihin cinikin bayi, Allah kaɗai ya san sau nawa na rubuta shi a tabulo. In rubuta, yara su kwafa a kaye, ranar jarrabawa su maido min da shi yadda na ba su, in ba su maki, mu wuce darasi na gaba. Haka nake yi kuma a zuciyata ina ganin aikin ke nan.

To bara waccan aka tura mu formasiyo, wato horo, na sati ɗaya a Dakar, mu uku daga Nijar. Motar kar daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai kusan kilomita 900, mun tashi da asuba ba mu sauka ba sai dare, washegari muka hau jirgi. Ranar ƙarshe masu shirya taron suka ce tunda jirgin yawancinmu sai dare, sun samo mana gid, wato ɗan jagora, da zai kai mu Gore da safe mu dawo wajen ƙarfe biyu. Gaskiya da na ji rabin wuni raina bai so ba. Na ce wurin da nake karantarwa shekara da shekaru, a ce awa huɗu kawai? Ni da nake kai yara Birni, tsohuwar unguwar fadar garinmu, tun safe har la'asar kuma ban gama abin da na tsara ba.

Maganar teku dai sai mutumin Damagaram zai gane abin da na ji. Mu da muka tashi muna ƙirga jarka, muna jiran ga-ruwa, ana tashinmu tsakar dare wai pampo ya kawo, sai ga ni a kan ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa kuma ba mai shan ko kofi ɗaya a ciki. Jirgin ruwan shalup suke ce masa, minti 20 yake yi daga tashar Dakar, kuɗin tike kuma kashi-kashi ne, na ɗan ƙasa daban, na ɗan Afirka daban, na Turawa ya fi tsada. Sefarmu ita ce sefarsu, dan haka ba zancen canji. Muna isowa yara suka yi ta tsalle cikin ruwa suna kamo silallan da mutane ke jefa musu. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa wajen mita 900, faɗinsa bai kai rabin haka ba, ba mota ko ɗaya, ba kabu-kabu, lunguna ne na yashi da gidaje masu fenti ja da rawaya da furanni sun zubo ta kan katanga, ga bishiyoyin kuka irin namu.

Gid ɗinmu dattijo ne, haifaffen tsibirin, da kartin aikinsa rataye a wuya. Ni na riga na fiddo kaye da bik ina jiran ya fara zubo shekaru. Bai fara ba. Ya tsayar da mu a inuwa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, daga ina kake, wane aiki kake yi, mu goma sha huɗu duk sai da ya ji. Na ce masa ni daga Zinder, malamin tarihi. Ya gyaɗa kai kawai ya wuce na gaba. Sannan ya ce awa huɗu gare mu kuma ba za mu ga komai da komai ba, wuri huɗu zai tsaya da mu, sauran mu gani da ido a hanya. A duk yawon, shekarun da ya nanata guda uku ne: 1444 da mutanen Fotugal suka fara zuwa, 1677 da Faransa ta ƙwace tsibirin daga hannun mutanen Holan waɗanda su ne suka raɗa masa sunan da ya zama Gore, sai 1848 da Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulka. Yau ko cikin barci aka tashe ni zan faɗe su a jere, alhali da can sai na leƙa takarda.

Gidan bayi shi ne inda muka fi daɗewa. An gina shi wajen 1776, bene ne, sama ɗakuna masu faɗi da baranda da iskar teku inda masu gidan suke zama, ƙasa kuma ƙananan ɗakuna masu duhu, an rubuta a bakin kowanne, na maza, na mata, na yara, na 'yan mata. Matakala biyu sun lanƙwaso daga sama, a ƙarƙashinsu akwai wani ɗan kurkuku da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki, gid ya ce nan ake jefa wanda ya yi gardama. Tsakanin matakalan wani siririn lungu ya miƙe har wata ƙofa da ta buɗe kan duwatsu da teku, ita ce ake ce wa ƙofar da in an fita ba a dawowa. Ya shigar da mu ɗakin yara, dukanmu, muka matsu, zufa ta fara karyo mana, sai ya yi shiru. Wallahi shirun ya fi minti biyu. Ba ka jin komai sai ruwa yana dukan dutse da numfashin na kusa da kai. Wata malama 'yar Benin ta fara hawaye, ni kuma na tuna ɗana na biyu da lokacin yake shekara shida, na ji ƙirjina ya yi nauyi. Da ni ne gid, na san wannan minti biyun da bayani zan cika shi, dan mu malamai tsoron shiru muke, muna ganin in ka yi shiru kaman ba ka san aikinka ba ne.

Da muka fito tsakar gida wani ya tambaye shi, mutum miliyan nawa suka bi ta wannan ƙofa? Nan ne mutumin ya ƙara girma a idona. Ya ce masana tarihi sun yi saɓani sosai a kan wannan gida, da yawansu suna ganin waɗanda suka fita ta Gore ba su kai yadda aka daɗe ana faɗa ba, gidan ma an gina shi ne a ƙarshe-ƙarshen cinikin, manyan tashoshin da aka fi lodin mutane suna can Wida ta Benin da Boni ta Najeriya da Luwanda ta Angola. Ya ce abin da aka fi yarda da shi, wajen mutum miliyan 12 aka ɗora a jirage daga gaɓar Afirka baki ɗaya zuwa nahiyar Amurka. Ya ambaci marigayi Boubacar Joseph Ndiaye wanda ya riƙe gidan tun 1962 har rasuwarsa a 2009, ya ce albarkacin bakinsa duniya ta san wurin, UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 1978, Mandela ya zo, Paparoma ya zo a 1992, Obama a 2013. Bai kushe dattijon ba kuma bai ƙara ko sifiri ɗaya a lissafi dan ya burge mu ba. Kuma abin da na lura, hawayen malamar nan bai ragu ba dan an rage lissafin. Ni kam na sha ba yara lamba mai kauri da na tsinta a wani tsohon kaye ban bincika ba, saboda na ga tana sa su buɗe baki. Ranar na ji kunyar hakan ƙwarai.

Muna cikin tafiya wajen wani tsohon gini sai ya tsaya ya waiwayo ya ce ina malamin nan na Nijar? Ya ce matso. Ya nuna min ginin ya ce nan ce tsohuwar lakwal ɗin William Ponty, inda Faransa ta horar da malamai da ma'aikata na duk yammacin Afirka daga 1913, kafin a maida ta Sebikotan wajen 1937, ya ce Bubu Hama namu na Nijar a nan ya yi karatu, Diori Hamani shugaban ƙasarmu na farko ma haka, da Hufuwet-Buwanyi na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali. Na san wannan a takarda, amma ban taɓa haɗa shi da wannan ɗan tsibiri da nake tsaye a kai ba, wato yaro ya taso daga ƙasarmu ta tudu a wancan zamani da ba kwalta, ya ƙetare ruwan nan da ya ba ni tsoro da safe, ya zauna 'yan taku kaɗan daga gidan bayi yana koyon aikin da nake ci da shi yau. Ashe tambayar da ya yi mana da safe ba gaisuwa ba ce, ajiye amsar kowa ya yi. 'Yar Benin ya yi mata zancen Wida, ɗan Mali ya ba shi Modibo, kowa sai da ya samu abin da ya shafe shi.

Sauran da sauri muka yi su. Muka hau tudun Kastel muka ga manyan bindigogin igwa da Faransa ta girke da benayen Dakar can nesa, muka sauko ta tsohon masallacin dutse da ke bakin ruwa, muka ci cebujen, shinkafa da kifi irin tasu, muka sha bisap, wato zoɓo. Gidan tarihin da ke cikin tsohuwar ganuwar Estere ba mu shiga ba, kuma har yau abin yana min ciwo, in Allah ya maida ni nan zan fara. Amma da mun shiga, da minti biyun nan na ɗakin yara ne za a yanke.

A bakin shalup muna sallama ya riƙe hannuna ya ce, malam, ai ku ma ta wajenku an yi wannan ciniki, ta hamada, kana nuna wa ɗalibanka inda aka yi shi? Ban ba shi amsa ba, kuma tambayar ta biyo ni har gida.

Domin gaskiya a lokacin ba na nunawa. Duk shekara ina fita da 'yan kalas zuwa Birni, yara sittin ko fiye, da takarda mai jerin sunayen sarakunan Damagaram tun farko, ina gaba ina karantowa suna baya suna neman inuwa, kafin azahar ƙishirwa ta gama da su ba mai ji na. Ina faɗa musu Sarki Tanimu ya gina ganuwa, ya sa an ƙera igwa a nan garin, ayarin raƙuma na tashi daga unguwar Zango su bi ta Agadas har Tarabulus da fatu da gashin jimina. Duk gaskiya ne kuma abin alfahari ne. Amma a cikin kayan da ayarin nan ke ɗauka akwai mutane, da kuɗinsu ake sayo bindiga da albarushi, wannan kuma tsallake shi nake. Bautar da Bature ya yi a bakin teku tana da sauƙin karantarwa tunda mai laifin yana nesa. Tamu kuwa a cikin kalas ɗaya akwai jikokin kowane ɓangare, kuma kowa ya san har gobe in an zo binciken aure akwai gidajen da ake raɗa wannan magana, duk da dokar 2003 da ta maida bauta babban laifi a Nijar.

Bana sai na canja tsarin fitar gaba ɗaya. Na roƙi direkta ya bar ni in raba kalas biyu, kowane rabi da safiyarsa, ƙarfe takwas zuwa sha biyu, da jarkar ruwa biyu a kura. Wuri uku kawai, guntun ganuwar da ya rage, ƙofar fada, sai Zango. Shekaru ma na rage su, 1898 da aka kashe Kazamaju, hafsan sojan Faransa, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, 1899 da aka yi yaƙin Tirmini Faransawa suka shigo, 1926 da aka ɗauke babban birni daga nan aka kai Yamai. Kafin mu tashi na tambayi kowane yaro unguwarsu da sana'ar kakansa, na rubuta a tafin kaye na, kuma na kafa doka ɗaya, ba wanda zai ambaci sunan gidan wani.

A gindin ganuwa na ce kowa ya ɗora hannunsa a kai. Na tambaye su, a garin da yau ma ruwa ke mana wuya, wa ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa wannan ƙasa, wa ya ɗauko ta a ka, mutum nawa, wata nawa? Sai na kama bakina. Ya yi min wuya sosai, harshena na ƙaiƙayi, amma na daure. Can wani yaro da ko a kalas ba ya magana ya ce a hankali, mushe (haka yara ke kiran malami), talakawa ne da bayi ko? Na ce da su a ciki. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, daga ina ake kamo su, ina ake kai su, waɗanda aka bari nan ina zuriyarsu, wata ta ce to me ya sa ba a rubuta a littafinmu da yawa kaman na Gore ba. Inda masana suka saɓa na ce musu sun saɓa, ban ƙirƙiro lamba ba. Ba wanda ya nemi inuwa ranar, ni ne ma na ce lokaci ya yi mu wuce fada.

Da muka gama a Zango wata yarinya ta tsaya har sauran suka yi gaba, ta ce mushe, kakata tana ba mu labarin wata kakarta da aka kawo garin nan tana ƙarama, ba ta jin Hausa, amma an hana mu faɗa a waje. Na ce 'yata, ki koma ki nemi izininta tukuna, in ta yarda ki zauna ki rubuta yadda ta faɗa da Hausa, kar ki sa suna ko ɗaya, in kuma ba ta yarda ba ki bar shi a gida ba komai. Ranar Litinin ta kawo min shafi huɗu, ta ce tsohuwar ta yarda, har ta ce a gaya wa malamin in yana so ya zo da kansa akwai saura. Na je ranar Juma'a bayan la'asar da goro na jika ɗaya, ta sa aka shimfiɗa min tabarma a zaure, muka zauna har kiran magariba.