Tafiyata zuwa Patterdale, garin ƙananan karnukan farauta

Wani abokin aikina Bature a Manchester ne ya haɗa ni da kawunsa, bayan ya ji ina ba da labarin farautar rani da muke bi muna yara a ƙasar Katsina. Ya ce kawun nasa ya tsufa cikin harkar karnukan teriya, wato ƙananan karnukan farauta masu shiga rami, kuma aikinsa kula da daji da tsuntsayen wani mai ƙasa a arewacin Ingila. Idan ina son ganin yadda suke yi, in shirya ranar Asabar. Ban yi wata-wata ba.

Da duku-duku na hau jirgin ƙasa, muka bi ta Preston da Lancaster, na sauka a Penrith. Dattijon na bakin tasha yana jirana cikin tsohuwar a-kori-kura, bayanta an ɗora akwatin katako mai ɗakuna uku, kowane ɗaki hanci baƙi ne ke leƙowa. Hanya ta bi da mu gefen tafkin Ullswater, na biyu a girma a yankin Lake District, ruwa a hagu, tsaunuka a dama, tumaki masu furfurar fuska sun bazu tsakanin katangun duwatsu da aka jera ba siminti. Dutsen Helvellyn, mai tsayin mita 950, hazo ya rufe kansa ruf. A ƙarshen tafkin Patterdale take. Ƙauye ne ɗan ƙarami, amma sunansa ya zaga duniya saboda baƙin karen nan da ake kira da shi.

Da dattijon ya sako karnukan na ga ko gwiwata ba su kai ba. Ya ɗauki wata baƙar karya, ya zagaye ƙirjinta da hannayensa biyu ta bayan ƙafafun gaba, manyan yatsu a sama, sauran a ƙasa, har suka haɗu. Ya ce haka ake auna teriya tun zamanin kakanni. In yatsu ba su haɗu ba, karen ya yi ƙirji, zai maƙale a rami, kuma wanda ya tura shi ne ya kashe shi.

Sai ya shimfiɗa tamfol a ƙasa ya fara fito da kaya. Shebur biyu, ɗaya mai faɗi ɗaya siriri. Doguwar sandar ƙarfe mai kama da dagi, wadda ake cakawa a ƙasa a gano inda rami ya bi, ko a ɓamɓare dutse. Ƙaramin zarto na yanke saiwa, raga mai zuge-zuge da ake shimfiɗawa a bakin rami, sarƙa da turke na ɗaure karnukan da ba a sa aiki ba, tocila, jarkar ruwa, safar hannu.

Na ce, "Baba, duk wannan lodi don ƙaramin kare?"

Ya ce, "Yaro, shiga ramin aikinta ne. Fito da ita aikina ne."

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne wani ɗan abin wuya mai batir. Ya ɗaura wa karyar, ya kunna, ya miƙa mini wata na'ura mai kamar rediyon hannu, ya ce in ja da baya. Ina matsowa kusa da ita lamba na raguwa a fuskar na'urar, ƙara na ƙaruwa. Da wannan ake sanin daidai inda kare yake a ƙarƙashin ƙasa da zurfin da za a haƙa. Irin wadda yake amfani da ita tana aiki ne a kan zango ɗaya da na'urar da masu hawan tsaunin ƙanƙara ke ratayawa don a gano su idan ƙanƙara ta binne su. Ya gwada ta sau biyu, ya sa sabon batir duk da na cikin bai mutu ba. A wayarsa kuma akwai lambar ƙungiyar Fell and Moorland Working Terrier Club, wadda mambobinta ke fitowa da shebur, dare ko rana, idan kare ya maƙale cikin duwatsu. A wannan yanki wani lokaci sai an kwana ana haƙa.

Doka ma cikin kayan aiki take a nan, domin a aljihunsa akwai takardar izinin mai ƙasa cikin leda. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005 a Ingila da Wales, ta hana bin yanyawa da garken karnuka. Abin da ta bari shi ne a sa kare ɗaya tak a rami ya koro yanyawa don kare tsuntsayen da ake kiwo domin harbi, da izini a rubuce, kuma a harbe ta nan take idan ta fito. Ɓera da zomo mai shiga rami kuwa an yarda a yi farautarsu da kare muddin mai wurin ya amince.

Muka haura wani gangare zuwa ramin da aka ce yanyawa ta tare kusa da kejin tsuntsaye. Bai saki kare ba. Ya durƙusa a bakin ramin ya daɗe yana dubawa. Ya nuna mini busasshiyar ciyawa da aka jawo waje, da faɗin bakin da ya fi tsayinsa, sannan ya ciro wani gashi mai kauri, fari da baƙi, daga jikin wayar shinge. Dagen Turai ne a ciki. Dokar 1992 ta hana taɓa raminsa, balle sa masa kare, ga shi kuma yana iya yage wa teriya haɓa. Muka juya. Na ji wannan juyawar ta burge ni fiye da a ce mun kama wani abu, don mutum ya taso da kaya niƙi-niƙi, ya hau tudu cikin sanyi, ba mai ganinsa sai ni baƙo, amma ya haƙura.

Aikin ranar ya koma wata gona, inda ɓeraye suka addabi sito da ɗakin kaji. Tambayar farko da ya yi wa manomin ita ce ko ya zuba guba kwanan nan. Yawancin maganin ɓera yana hana jini daskarewa, kuma karen da ya ci ɓeran da ya sha shi yana iya fara zubar jini ta ciki bayan kwanaki. Manomin ya ce bai zuba ba. Aka tura hayaƙi cikin ramuka da wani inji, aka ɗaga katakai, ɓeraye suka ɓarke ta ko'ina. Saurin karnukan nan sai wanda ya gani: cafka ɗaya, girgiza ɗaya, a yar a nufi na gaba.

Ana cikin haka wani ƙaton ɓera ya kafa wa baƙar karyar haƙori a leɓe. Ita ko a jikinta, amma dattijon ya ɗauke ta ya ɗora a bayan mota, ya buɗe jar jakar da tun safe ba ta bar kafaɗarsa ba. Ya sa safar hannu, ya ce in riƙe ƙirjinta. Ya zuƙi ruwan gishiri irin na asibiti a sirinji marar allura, ya yi ta fesawa cikin hujin har ruwan da ke fitowa ya yi fari. Ya bi da maganin wanke ciwo na kuloheksidin da ya tsarma da ruwa, yana kare mata ido da tafinsa. Ya danna auduga har jinin ya tsaya. Sannan ya ɗaga leɓen ya danna dasashinta da yatsa: ya yi fari, kafin daƙiƙa biyu ja ya dawo. Ya ce in ya daɗe bai dawo ba, ko dasashin ya koɗe, a bar komai a nufi likita. Ya wanke mata idanu saboda ƙura, ya bi tsakanin yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Na tambaye shi ko ba zai ɗinke ba. Ya ce hujin haƙori ba a rufe shi, in an rufe mugunya ce za ta taru a ciki. Ɗinki da allura kuma aikin likitan dabbobi ne, dokar kula da dabbobi ta 2006 tana kama wanda ya bar dabbarsa da rauni bai nema mata magani ba. Sauran abin da ke jakar: bandeji mai manne kansa, almakashi, matsefata, ɗan ƙugiyar cire kaska, takunkumi don kare mai jin zafi yakan ciji ubangidansa, tawul, bargon leda mai ƙyalli na riƙe ɗumin jiki, da ma'aunin zafi. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan wani abu. Babu ibufurofen a ciki, ya ce wannan guba ce ga kare, tana cin ciki da ƙoda. Da bazara kuma akwai wata kububuwa, macijin da kaɗai ke da dafi a Birtaniya. In ta sari kare ba a tsagawa, ba a ɗaurewa, ɗaukarsa ake a hannu zuwa mota.

Ni ma bai bar ni ba. Kafin in taɓa abinci sai da ya sa na wanke hannu da sabulu, saboda fitsarin ɓera na ɗauke da cutar leftosfira mai kama mutum da kare. Karnukansa duk shekara ake musu rigakafinta.

Muna shan shayi a mota na ba shi labarin namu mafarauta, da gora da adda da kiɗa, da yadda addininmu ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona. Na san mutanen da ba sa cin abinci sai karensu ya ci. Amma a yarintata idan gadu ya farke kare, toka ce maganinsa. Abin da ya fi damuna kuma shi ne haukan kare, wanda su a nan sun daɗe da rabuwa da shi, mu kuwa har yau yana kashe mutane, alhali cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurarsa. Ya yi ta tambayata farashin allurar da nisan ƙauyenmu daga asibitin dabbobi.

Kafin mu kama hanyar Penrith ya buga wa likitar dabbobinsa waya. Ta ce ya ci gaba da wankewa safe da yamma, ya kawo karyar washegari a duba ko tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, in kuwa fuskar ta kumbura cikin dare kada ya jira gari ya waye.